Cefanen Oga Legas

Idan Allah ya tashi nuna wa mutum iyakarsa ba sai ya aiko masa da zaki ba, kwalbar manja ma ta isa. Wanda yake musu ya je Unguwar Rairayi, can bayan Godogodo a bakin kogi, ya tambayi labarin Mahfuz.

Mahfuz ɗan Kagarko ne, a can aka binne cibiyarsa, a can ya yi kiwon awakin gidansu. Da ya girma wani ɗan kwangila ya tafi da shi Legas, ya yi 'yan watanni yana gadin bulo a wani fili kusa da teku. To fa, shi ke nan an shiga uku. Tun da ya dawo ba ya buɗe baki sai da "mu a bakin teku". Ko atishawa ka yi sai ya gaya maka yadda ake yin ta a can. Da ɗan kwangilar ya turo shi Unguwar Rairayi ya kula masa da masu ɗibar yashi har shekara ta zagayo, ranar da ya sauka ya dubi rairayin kogin ta ƙarƙashin baƙin tabarau ya ce, "Ba laifi, ƙaramin bici ne, irin namu na bakin teku." Kafin la'asar matan unguwa sun raɗa masa Oga Legas, shi kuwa gogan ya ɗauka girmamawa ce.

Da matarsa ya zo, Shamsiyya, 'yar ruga mai sanyin hali, tana ɗauke da cikin fari. Ciki ya yi nauyi, lokacin goyon ciki ya yi, mahaifiyarta Nene ta aiko a kawo mata 'yarta gida kamar yadda aka saba. Hankalin Mahfuz ya tashi. Gaskiyar magana yana son matarsa, kuma ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Sai ya kira Kawu Hammawa, yayan Nene, ya cika masa kunne a waya: a bar masa ita sai haihuwa ta matso sosai, ai inda suke ba abin da babu, kaza ce yau, kifi gobe, kuma shi mutum ne da ya ƙware a cefane da ƙafa tun a bakin teku.

Amsar Nene gajeriya ce. Za ta zo ta buɗe tukunya da hannunta. In ta ga abin da ya gamshe ta, ta bar 'yarta. In ba ta gani ba, ƙafarta ƙafar Shamsiyya.

Abin da ke cikin tukunyar kuwa, tun zuwansu, tuwon masara ne da busasshiyar kukar da suka taho da ita, ita ma ta kusa ƙarewa. Don Mahfuz ya zaga unguwar bai ga shago mai gilashi da firji ba, sai ya yanke hukunci cewa ba a sayar da komai a nan.

Ga yadda abin yake. Mutanen Unguwar Rairayi a cikin gida suke ciniki. Mai manja ta rataye 'yar kwalba a ƙofarta, mai barkono ta ɗaura guda biyu a zare, mai daddawa ta soke ɗaya a tsinke, mai kaji ya kafa gashin kaza a jikin darni. Ka yi sallama, ka gaida mutane, ka tambayi lafiyar yara, a auno maka. Ko akuyar unguwar ta san haka. Amma Oga Legas, wanda gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga yatsa biyu, da ya ga kwalabe da gashin kaza a ƙofofi sai ya ja matarsa ɗaki ya rage murya.

"Kin ga abubuwan nan da suke ratayewa? Asiri ne. Kada in kuskura in ga ƙafarki a gidan kowa."

"Malam, ai waɗannan alamar..."

"Alamar me? Ni da na ga teku da idona, ke za ki koya mini duniya?"

Shamsiyya ta koma kan aikinta. Ba ta saba musu da miji ba, kuma duk lokacin da ta sake ɗauko zancen, da teku ake rufe mata baki.

Ranar da baƙi za su zo, Mahfuz ya tashi da shirinsa. Ya duba taswira a waya, ta nuna masa wata kasuwa a Tudun Marke, hayin kogi. Ya saka farar shaddarsa ta salla don surukai su same shi fes, ya ɗora malafa, ya maƙala tabarau, ya jawo akwatinsa mai taya wanda ya taho da shi daga Legas.

"Ki ɗora ruwa," ya ce wa Shamsiyya. "Kafin ya tafasa na dawo da zakara."

A ƙofar gida ya ci karo da Mama Angelina, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, tana shara a ƙarƙashin kwalbar manjanta.

"Oga Legas, ina kwana. Tafiya ne da akwati?"

"Cefane za ni, Madam."

"Cefane? Me da me kana so?"

"Abin da babu a nan," ya ce, ya kauce wa inuwar kwalbar ya wuce.

Baba Zamani, mai gidan da suke haya, yana zaune gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Da ya ji inda aka nufa sai ya ɗago kai.

"Tudun Marke? Yau? Ɗana, kasuwan wurin ai..."

"Baba, waya ta riga ta gaya mini komai."

"To. Waya ya fi ni shekaru. Sauka lafiya."

A bakin hanya Justin ɗan acaɓa ya tsaya ya ce ya hau ya kai shi. Mahfuz ya dube shi sama da ƙasa.

"Lalacin da ya kashe ku ke nan. Mu a bakin teku ƙafa muke ba aiki, shi ya sa ba mu da tumbi."

"Oga, ni dai ina nan in ƙafa ya gaji," in ji Justin, ya tayar da babur ɗinsa.

Mashigin kogi ba nisa da unguwa, ruwan iya ƙauri. Mahfuz ya naɗe wando ya haye, yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi. A hayi ne akwati ya fara nuna hali. Tayoyin da aka yi don siminti suka cika da yashi suka ƙi juyawa, ya koma jan sa kamar mai jan tunkiya zuwa kasuwa. Waya ta ce ya miƙe. Ya miƙe, ya faɗa cikin wata gona da aka lulluɓe kunyoyinta da ciyawa, yana tafe akwati yana kwashe ciyawar yana tono abin da ke ƙasa.

"Kai mai farin riga, ka tsaya nan."

Wata mace ce ta taso daga ƙarshen gonar da lauje a hannu, sunanta Tamar, gonar tata ce.

"Idonka bai ga citta ba? Irin da na binne da hannuna kake tonewa?"

"Madam, hanya ce. Ga ta a waya."

"Waya ne ya yi mini huɗa? Ka ce wa waya ya zo ya mayar da ciyawa."

"Kin san ko ni wane ne?"

"Na sani. Kai ne wanda zai mayar da ciyawa."

Ya dubi laujen, ya dubi fuskarta, ya ga laujen ya fi fara'a. Haka Oga Legas ya durƙusa da shaddar salla yana jera ciyawa kunya bayan kunya, Tamar tana tsaye a kansa tana nuna masa inda ya tsallake. Da ya gama ta nuna masa turba da bakin lauje, ko sannu ba ta ce masa ba.

Rana ta take tsaka ya isa Tudun Marke. Kasuwa kam ga ta nan, waya ba ta yi ƙarya ba. Rumfuna a jere, tebura a kife, awaki suna kwance a inda mahauta ke zama. Mutum ɗaya ne a wurin, wani tsohon tela yana barci a kan kekensa. Mahfuz ya buga masa tebur.

"Ina mutanen kasuwar nan?"

"Suna gidajensu."

"Wace irin kasuwa ce ba mutane?"

"Irin wadda ta ci jiya." Tela ya yi hamma. "Kai baƙo ne? Kasuwa a ƙasar nan yawo take, yau nan, gobe can. Yau tana Mararrabar Dutse."

"Da nisa?"

Tela ya leƙa takalmansa masu tsini, ya leƙa akwatin. "Ga mai hankali da nisa. Kai kam ka je."

Da mai tunani ne, da daga nan ya juya. Amma Mahfuz ya tuna Nene da hannunta a kan murfin tukunya, ya kama hanya. Takalmi ya ci masa diddige har ya cire ya rataya a wuya. Taya ɗaya ta fice ta gangara rami, ya bi ta, ƙaya ta kama masa riga. Wayar da ta jawo masa duk wannan ta yi ƙyaf ta mutu. Cikinsa kuwa tun safe ba abin da ya shiga sai fariya.

Ya shiga Mararrabar Dutse bayan la'asar, kasuwa tana watsewa, ana ɗaure kaya a kan babura. Can gefe ya hango wata matashiya da sauran kaya a gabanta: doya, barkono, daddawa, kwalbar manja guda, da wani jan zakara a ɗaure. Ya ƙarasa yana ɗingishi.

"A'a, Oga Legas," in ji ta. "Me ya kawo ka nan?"

Mahfuz ya gyara tabarau, gajiya ta ɗan sake shi. "Ikon Allah. Har nan sunana ya zo?"

Milka ke nan, 'yar Mama Angelina. Kullum da safe tana gaishe shi a bakin rijiya, kullum yana ɗaga mata yatsa biyu yana kallon sama. Ranar kasuwa ita ke kwaso kayan uwarta da na maƙwabta ta kai.

"Oga, ba ka gane..."

"Ba ni da lokaci, 'yammata. Haɗa mini duka. Ku nan kun ci gaba, kuna da abin sayarwa. Unguwar da nake ba abin da suka iya sai rataye tsafi a ƙofa. Akwai wata tsohuwa a jikin katangata, kwalbar jini ce ma take ratayewa."

Milka ta sunkuya kan kayanta. Ta haɗa masa kayan tsaf, ta ɗora masa har kuɗin motar da ta kawo su, ya biya yana yaba wa kansa iya ciniki.

"Kwalban nan ka riƙe shi a tsaye," ta ce. "Totuwa ne murfin."

"Ni za a koya wa shirya akwati? Na shirya kayan da suka hau jirgin ruwa."

Ya kwantar da kwalbar a ƙasan akwati, ya danne ta da doya, ya zuba barkono a kai, ya ja zif da ƙyar. Zakara kuwa ya kwance igiyarsa wai ta yi ƙauyanci, ya ɗaure masa ƙafa da hankicinsa mai zanen jirgin ruwa, ya saƙale shi a hammata. Milka ta ce ga mota za ta unguwarsu, ya ce shi da ƙafa ya zo da ƙafa zai koma. Wani mai ɗaukar itace ne ya ji tausayinsa a hanya, ya ɗora shi a bayan a-kori-kura ya sauke shi kusa da kogi. Wannan ɓangaren Mahfuz bai taɓa ba da labarinsa ba.

Ashe an yi ruwa a kan duwatsu. Kogin da ya bari iya ƙauri ya same shi ja wur, yana gudu, ya kai ƙugu. Ga rufin Unguwar Rairayi yana hangowa, har da hayaƙin girki. Ya ɗora akwati a ka, ya matse zakara, ya shiga.

A tsakiyar ruwa ya ji wani abu mai ɗumi yana bin ƙeyarsa. Doya ta yi aikinta, totuwa ta fice. Manja ya biyo ta zif, ya ratsa malafa, ya sauko goshi, ya cika tabarau. Ya ɗaga hannu zai share ido, zakara ya samu sarari, ya fizge ƙafa ɗaya daga hankici, ya taka masa fuska ya yi fiffike sai gaɓa. Mahfuz ya kai masa cafka, santsi ya kwashe shi. Zif ya yage. Doya ta nutse, barkono ya bazu a kan ruwa ya kama hanyar teku, daddawa ta bi bayansa. Da ya rarrafo gaɓa ba abin da ke hannunsa sai kwalba, da ɗan manja a gindinta.

A nan Justin ya same shi, ya kawo wani fasinja bakin mashigi. Ya ga mutum kwance, kai ja, fuska ja, farar riga ja har ciki.

"Yesu! Oga, me ya same ka?"

Mahfuz ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa wawa a kan lokaci. Wa zai tuhumi mutumin da ya zubar da jini saboda cefanen matarsa? Ya lumshe ido ya yi nishi.

"Kada," ya ce. "Kada ne. Ya kwashe kayan duka."

Justin ya ɗora shi a babur ya shiga unguwa yana danna oda. Kafin su kai gindin mangwaro an cika, mata da zannuwa a hannu, maza da gora. Aka kwantar da shi a tabarma. Shamsiyya ta fito da ƙyar tana kuka, kukan gaske. Bayanta Kawu Hammawa ne da sandarsa, sai Nene, doguwa, ta ja mayafi ta tsaya daga nesa kamar yadda suruka ke yi.

"Girmansa ya kai kwalekwale," in ji Mahfuz da muryar mai barin wasiyya. "Na ce masa wannan cefanen iyalina ne, sai dai ka kashe ni. Muka kama kokawa. Zakaran ma a gabana ya haɗiye shi ɗungurungum."

Baba Zamani ya sosa gemu. "Kada a kogin nan? Tun ina yaro ban ji ba."

"Daga teku ya biyo ni, Baba. Sun san ni."

Mama Angelina ta ratso mutane da ruwan zafi da tsumma za ta wanke rauni. Ta durƙusa, ta laluba kansa, ta laluba wuya, ba ta ga inda ya fashe ba. Ta shinshina. Ta dangwala yatsa a goshinsa ta kai baki. Sannan ta zare kwalbar da ya ƙanƙame, ta juya ta, ga jan zaren da take ɗaura wa kwalabenta a wuya.

"Wannan jini," ta ce, "ni na dafa shi ranan Talata."

Ta ɗaga kwalbar sama kowa ya gani.

"Manja na ne. Kwalba na ne. Da safe na ba Milka ya kai kasuwa."

"Har Mararraba ya je ya saya, Mama," in ji Milka daga bayan taro, don motarta ta daɗe da isowa. "Ya ce wai kina rataye kwalban jini."

Kamar an shirya, sai ga jan zakara ya fito daga bayan rumbu yana taƙama, yana jan hankici mai zanen jirgin ruwa a ƙafa ɗaya. Ya wuce ta gaban tabarma, ya shiga akurkin Baba Zamani inda aka ƙyanƙyashe shi.

"To," in ji Baba Zamani, "kada ya yi amai."

Dariyar da aka yi ranar har masu yashi a bakin kogi sun ji. Justin ya kwanta a kan babur yana riƙe ciki. Wata tsohuwa ta ce a kawo doya a dangwala a jikinsa kada manja ya tafi a banza. Mahfuz ya tashi zaune, ya rasa inda zai sa idonsa, ga ƙudaje sun fara taruwa.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, Shamsiyya da Nene. Kawu Hammawa ya matso, ya dogara da sanda, ya yi magana a hankali.

"Mahfuz, mun iso tun hantsi. Mun sami ruwa yana ta tafasa, an ƙara, ya ƙone, an ƙara. Yarinya da ciki ba ta karya ba. Uwarta ta buɗe tukunya, ta rufe. Ta fita ƙofa ta ga kwalba, ta ga barkono, ta ga gashin kaza. Ta yi sallama gida uku, ko takalmi ba ta saka ba. Kafin azahar mun ci tuwo da miyar kaza." Ya gyara riƙon sandarsa. "Ka ce mana ba abin da babu a inda kuke. Ba ka yi ƙarya ba."

Mahfuz ya ji wani ɗan sanyi a ransa, ya fara murmushi. "To ai ka gani, Kawu. Shi ya sa na ce a bar..."

Nene ba ta dube shi ba. Da yayanta ta yi magana, amma kowa ya ji.

"Hamma, a ce masa unguwa ta yi. Da unguwar na ba wa 'yata, da na bar ta."

Washegari da safe Justin da wani abokinsa suka ɗaure kayan Shamsiyya za su kai su bakin titi. Mahfuz yana tsaye, kunnuwansa har yanzu da ja-ja. Sai yanzu abin ya dake shi sosai: ɗakin zai zama wayam, kuma ɗansa na fari a wani wuri zai fara kuka. Shamsiyya ta tsaya a gabansa, idonta ya kumbura.

"Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su, Malam," ta ce. "Na yi ta son in gaya maka."

Bai ambaci teku ba. Ta hau, suka tafi.

Ya wuni a ɗaki yana jin ƙamshin miyar maƙwabta. Da yunwa ta ci ƙarfinsa wajen la'asar, ya fito ba tabarau ba malafa, ya taka zuwa ƙofar da ke jikin tasa, ya tsaya daidai ƙarƙashin kwalbar manja. Ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Mama, ina wuni. Ya yara?"

Mama Angelina ta leƙo, ta dube shi tun daga kai har ƙafa.

"Lafiya lau, Oga Legas. Sannu da hanya. Da ƙafa ka zo, ko Justin ne ya kawo ka?"